Daga Kwaya, Kano ta fi Yamai kusa har sau shida

Idan aka shimfiɗa taswira, aka kafa bakin zare a kan Kwaya, aka miƙe shi kudu zuwa Kano, abin da za a samu kimanin kilomita 120 ne. Idan aka juya zaren yamma zuwa Yamai, babban birnin ƙasar da Kwaya take cikinta, sai ya haura kilomita 700. Wannan ita ce tazarar sama, wadda babu ruwanta da kwana, babu ruwanta da kwazazzabo ko shingen duwan. Da a ce akwai jirgin da zai tashi daga bakin garin Kwaya, ko da mai farfela ne, minti 20 sun ishe shi ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Zuwa Yamai kuwa sai ya ci kusan awa biyu.

Babu irin wannan jirgin. Amma lissafin yana tona wani abu da aka saba binnewa: Kwaya ba lungu ba ce. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, jihar Damagaram, wadda takardun gwamnati suke kira Zinder. Har zuwa 2011 Magarya da Dungas gunduma ɗaya suke, sannan aka raba su. A ƙidayar 2012 Magarya kaɗai ta haura mutum rabin miliyan, Dungas ta wuce 350,000. Nan ba hamada ba ce da za a yi wuni ana tafiya ba a ga bukka ba. Ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa, da rake a fadamu, ƙauye na hango ƙauye, gona na manne da gona har babu wurin da za a bari ya huta. Kaɗan ne yankunan Nijar da suka kai ta cunkoson jama'a. Duk da haka, a ofisoshin Yamai idan aka ce an tura ma'aikaci can, sai abokai su yi masa jaje.

Filayen jirgi ma sun kewaye ta. Na Damagaram bai kai kilomita 100 ba ta sama. Na Kano, da na Katsina mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da na Dutse da aka buɗe a 2014, babu wanda ya kai kilomita 200 daga Kwaya, kuma dukansu ukun jiragen alhazai suna tashi daga cikinsu. Matsalar ɗaya ce: uku daga cikin huɗun nan suna ƙetaren iyaka, na huɗun kuma jirage ba su cika damunsa ba.

Shekara biyu a jere suka tsara wannan al'amari, 1925 da 1926. A watan Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka yi ta yada zango har suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Zuwa 1936 jiragen fasinja na kamfanin Imperial Airways sun fara zuwa daga Hartum. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Kano ta zama zango a kan hanyar da ake kai jiragen yaƙi daga Takoradi ta Gana zuwa Masar, ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Bayan yaƙi, jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da Afirka ta Kudu a Kano suke tsayawa su sha mai. Kamfanin KLM ya daɗe yana sauka a can, bai daina ba sai a 2012. Wato tun kakannin kakannin yaran Kwaya na yau suna da ƙarfinsu, ƙofar duniya take buɗe a nan kusa da su.

A 1926 kuwa Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram, inda take tun 1911, suka mayar da ita Yamai a bakin kogin Kwara. An ba da dalilin ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne Damagaram ta daɗe tana fama da ƙishi. Amma akwai na biyu: birnin ya yi kusa da Kano da yawa, fataucinsa da auratayyarsa da karatunsa duk kudu suke kallo, ƙasar da ke hannun Ingilishi. Da wannan sa hannun, mutumin Kwaya ya kwana kusa da fadar gwamna, ya wayi gari tsakaninsa da ita tafiyar makonni a ƙafa. Ƙauyen bai gusa ko taku ɗaya ba.

Ita kanta iyakar ba ta daɗe da kafuwa ba a lokacin. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Tilho da takwararta ta Ingila suka bi daji suna kafa turaku daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Layin ya ratsa tsohuwar ƙasar Daura, ya bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Wani malamin jami'a Ba'amurke, William Miles, wanda ya taɓa koyarwa a Magarya, ya zauna a Yekuwa, wadda gundumarsu ɗaya da Kwaya, da kuma 'Yardaje ta ɓangaren Najeriya, ya rubuta littafi a 1994 a kan yadda garuruwa biyu masu harshe ɗaya da dangi ɗaya suka zama 'yan ƙasa biyu. Har gyaɗa ba ta tsira ba. Shekara da shekaru gyaɗar Magarya ta Kano take bi, a loda ta a jirgin ƙasa zuwa Ikko. A 1953 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle, suna biyan tallafi don a ja kayan Nijar su bi ta Dahomey, hanyar da ta fi tsawo nesa ba kusa ba, don dai kada kuɗin ya zube a aljihun maƙwabci.

Wanda yake son ya ga yadda tazarar sama ta bambanta da ta ƙasa, ya bi maniyyaci. Mafi yawan mutanen karkarar nan da suka taɓa taka matakalar jirgi, aikin hajji ne ya kai su.

Kujerun hajji ƙasa-ƙasa ake raba su, a kan ma'aunin mutum dubu cikin kowane miliyan na Musulmi. A 2024 Najeriya ta samu 95,000, Nijar ta samu 15,891. Ɗan Kwaya mai fasfon Nijar a cikin rabon Nijar yake, ta hannun kamfanonin shirya hajji da hukumar COHO, kuma kuɗin kujera a shekarun nan yana wajen sefa miliyan 3. Shanu ake sayarwa, ko amfanin gona na shekaru, ko ɗa da ke biɗa a Libiya ko Legas ya aiko. Mafi yawan jiragen kuma daga Yamai suke tashi.

Don haka tafiyar gabas da yamma take farawa. Ranar fita gida yakan cika tun da hantsi, ana ta sallama, masu cewa a yi musu addu'a a gaban Ka'aba, masu damƙa 'yar jika ɗaya ta guzuri, masu roƙon gafara. An riga an ɗaure kaya: garin tuwo, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, duk an naɗe a leda an cusa tsakanin tufafi, don an sha jin labarin abincin can ba ya riƙe ciki. Daga ƙofar gida zuwa kwalta, kabu-kabu ne ko amalanke, in damina ce kuwa sai yadda hanya ta yarda. Daga nan a shiga ƙaramar mota zuwa Damagaram, ko a yanke ta Matamai a ɓullo Takeita. Motar ba ta tashi sai ta cika, cikar kuma direba ne yake faɗin ta yi.

A Damagaram ake kwana a tashar manyan motoci, na Rimbo ko Al Izza ko waninsu, saboda kafin asuba suke tashi. Wanda bai taɓa kwana a irin tashar nan ba bai san tafiyar Nijar ba. Tabarmi a jere a ƙarƙashin rumfar kwano, maza gefe, mata gefe, kowa ya yi matashi da jakarsa. Mai shayi yana ta fifita gawayi, talabijin yana ta magana babu mai saurare. Wajen ƙarfe uku na dare sai a fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yaron mota yana rubuta lamba a jikin buhu da alƙalami mai kauri. Tsoho ya ji an ambaci wani suna mai kama da nasa, ya miƙe da sauri, wani saurayi ya riƙo hannunsa: "Baba, zauna tukuna, ba a zo kanku ba."

Daga nan sai hanya mai lamba 1, kusan kilomita 900: Takeita, Tasawa, Gazawa, Maradi, Gidan Rumji, Madawa, Galmi da buhunan albasarta a bakin titi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. A wasu shingaye kowa sai ya sauka ya nuna katin ɗan ƙasa ga jandarma, a wuce a ƙafa, a sake hawa. Salla a gurguje, alwala da ruwan leda, direba yana danna oda. In an yi sa'a a shiga Yamai bayan magariba, ƙafafu sun kumbura. Jimillar abin da ɗan Kwaya ya ci a ƙasa ya doshi kilomita 1,000, kwana biyu cur, kuma duk tsawon wannan tafiya Makka tana bayansa. Sannan ya zauna jiran jirgi, wanda kan zo a ranar da aka faɗa, kan kuma ƙi zuwa. Mai dangi a birni ya sauka wurinsu. Marar dangi ya shimfiɗa tabarma inda ya samu.

Daga Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne ta sama. Daga Kano kusan 3,400. Jirgin yakan tashi ya fuskanci gabas, cikin awa ɗaya ya shafe abin da mota ta wuni tana ci, ya sake ratsa sararin ƙasar da maniyyacin ya baro shekaranjiya. Wani abin dariyar ma, shekaru da dama kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal yana cikin masu jigilar alhazan Nijar, kuma mazauninsa Kano. Jirgi ya baro Kano, fasinja ya baro maƙwabtan Kano, su haɗu a Yamai, su juyo tare.

Shi ya sa ba a rasa masu bi ta kudu, musamman 'yan umara da 'yan kasuwa. Zamanin da harkar Kano-Jidda take tashe, mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a cikinta. Mutum ya fita da safe ta Tinkim da Babban Mutum, ko ta Ɗan Barto da Kwangwalam ya bi Daura, la'asar ta yi masa a Kano. Babu canjin harshe, babu canjin agogo, naira kuma dama tana aljihunsa, don a kasuwannin Magarya da Dungas tana yawo kafaɗa da kafaɗa da sefa. Wanda ya saba kai dabbobi Maigatari ranar Alhamis ba ya ɗaukar Kano a matsayin ƙasar waje.

Kafin jirgi, duk wannan lissafi bai taso ba. Alhazan da suka gabata gabas suke fuskanta tun daga ƙofar gida: Barno, Fort Lamy, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har bakin Bahar Maliya a Sawakin, sannan jirgin ruwa. Tafiyar shekaru ce. Ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri, a haifi 'ya'ya a hanya, a binne wasu. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu ce Hausawan Sudan na yau. Jirgi ya mayar da shekarun nan awa biyar ko shida, kuma babu mai hankalin da zai yi kewar wancan zamani. Shi ma jirgin ya karɓi nasa rabon: ranar 22 ga Janairun 1973, wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazon hunturu, mutum 176 suka rasu. Abin lura dai shi ne, mai tafiyar ƙafa duk takun da ya yi kusantar da shi yake yi. Jikansa sai ya fara nisanta tukuna.

To, filin Damagaram fa? Yana nan, an kuma yi masa gyara lokacin shirin Zinder Sabuwa, da birnin ya karɓi bikin 18 ga Disamban 2018. Kamfanin Niger Airlines, wanda ya fara aiki a 2014, ya riƙa haɗa shi da Yamai da ƙananan jirage masu farfela. Akwai kuma jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya na UNHAS, amma waɗannan na ma'aikatan agaji ne, ba a sayar wa kowa tikiti. Tazarar Damagaram da Yamai ta sama kimanin kilomita 745 ce, ƙasa da awa biyu. Sai dai kuɗin kujera ɗaya ya ninka na mota sau da yawa, kuma manomin da ke ƙirga buhunan geronsa ko za su kai shi kaka ba ya cikin waɗanda aka yi wannan jirgi dominsu. Masu hawansa sanannu ne: manyan ma'aikata, 'yan siyasa, manyan 'yan kasuwa, da baƙin ƙungiyoyi. Da yawa daga cikin baƙin nan Magarya suka nufa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2005 a sashen yara na asibitin gunduma, wanda a watannin zazzaɓi da yunwa yakan kwantar da ɗaruruwan yara a lokaci guda. Likita yakan taso daga Turai ya iso Magarya cikin kwana biyu. Uwar da ke wani ƙauye bayan Kwaya, ɗa a goye yana suma, ita ma wani lokaci sai ta yi kwana biyun tana neman kuɗin babur.

Babban kuɗin da aka zuba a harkar jirgi a Nijar Yamai ya tafi. A 2019 kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin Diori Hamani gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka. Ba laifi ba ne ƙasa ta gyara ƙofar gidanta. Amma jihohin Damagaram da Maradi su ne suka fi kowace jiha yawan jama'a, kuma a ganina, in akwai wurin da ya cancanci jiragen alhazai su riƙa tashi daga cikinsa kowace shekara ba tare da an roƙa ba, Damagaram ce. Fasinja ba sai an nemo su ba. Suna nan suna kwana a tasha.

Akwai wata hanyar da mutanen yankin nan suke shiga jirgi, wadda ba a yi mata walima. A watan Maris na 2022, bayan wani rahoton talabijin a Senegal ya nuna 'yan Nijar suna bara a titunan Dakar, gwamnati ta tura jirgi ya kwaso su. Sawu biyu aka yi, mutum sama da dubu, yawancinsu mata da yara, da yawa kuma daga Kance da Magarya suka fito. Sun yi makonni suna tafiya a mota, ta Burkina da Mali, kafin su kai Dakar. Jirgi ya dawo da su cikin 'yan awoyi. Amma a Yamai ya sauke su, daga nan aka zuba su a motoci, suka kama hanya mai lamba 1 kamar kowa. Haka waɗanda hukumar ƙaura ta duniya take kwasowa daga Libiya. Yaro ya hau jirgi tun bai shiga lakwal ba, ya dawo ƙauye yana ba tsaransa labarin gajimare a ƙarƙashin ƙafa, uwarsa kuma tana lissafin bashin da ta ci kafin ta tafi.

Sararin sama ma ana rufe shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jiragen da ke zuwa Saudiyya daga wannan yanki suka koma yin zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki ta hana jirage zuwa Nijar, sojoji kuma suka rufe sararin ƙasar ranar 6 ga Agusta, ba su buɗe wa jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba. Nijar ƙasa ce mai faɗi a tsakiyar hanyar Turai da kudancin Afirka, don haka manyan kamfanoni suka yi ta kewaye, mutanen Landan da Johannesburg suna ƙorafin ƙarin awoyi. A Kwaya ba wannan ne abin damuwa ba. Abin da ya taɓa tukunya shi ne rufe iyakar ƙasa, wadda ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, kuma ba wannan ne karon farko ba: Najeriya ta taɓa rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A irin waɗannan watanni Kano ba ta gusa daga kilomita 120 ba, amma kwanon masara ya tashi, magani ya yi wuya, marar lafiyar da ya saba zuwa asibiti a Kano sai ya bi ta gonaki a bayan babur, yana biyan kuɗi a kowane shinge. 'Yan kabu-kabu ne kaɗai suka ga riba.

Yanzu kuma ga layin dogo yana tafe. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi, kilomita 284, aikin kamfanin Mota-Engil. Za ta bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ba za ta taka gundumar Magarya ba, ba za ta je Damagaram ba. Amma tashar Daura za ta fi kowace tashar jirgi, na sama ko na ƙasa, kusa da Kwaya. Idan aikin ya kammala, manomin da ke da buhun wake ko riɗi na sayarwa zai iya kai shi bakin jirgi kafin azahar, muddin ranar iyaka a buɗe take, kuma ɗan duwan ya yarda da takardarsa.